Batir Ɗaya Ya Rage

Bijimin ya tsinke igiya ne daidai lokacin da Malam Ɗanbala ya duƙa yana duba kofaton wata karsana. Kasuwar shanu ta Tourou, da ke gefen Parakou, ta ɗauki ihu gaba ɗaya. Fulani suka ɗaga sanduna, mahauta suka haye shinge, mai fura ta saki ƙwarya ta ruga, ana ta ƙwala kiran sunansa da Hausa da Dendi da Fulatanci. Shi kuwa yana duƙe, ya ba duniya baya, yana murza kofaton da babban yatsa. Abin da ya fara sanar da shi ba lafiya ba shi ne ƙasa da ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Kafin ya waiwaya, an riga an ɗauke shi an maka da turke.

Allah ya taƙaita, ƙaho bai same shi ba, kafaɗar bijimin ce ta ture shi. Ya kwanta rigingine cikin taɓo, yana kallon fuskokin da suka yi masa rumfa. Bakuna na buɗewa suna rufewa. Ya gane Habou, abokin dillancinsa tun suna samari, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, alamar ihu yake yi. Amma abin da ya iso kunnen Ɗanbala bai wuce gunji ba, kamar na mai magana daga ƙasan rijiya.

"Lafiyata lau," ya faɗa, da ƙarfin da bai san ya yi ba. "Ban ga zuwansa ba ne kawai."

Habou ya girgiza kai. Ya kama nasa kunnen ya ja, ya nuna Ɗanbala da yatsa, a gaban kowa. Abin da aka daɗe ana faɗa a bayan idonsa, yau an faɗa masa a tsakiyar kasuwa.

Shekaru ke nan yana ɓoye abin. Dillali da kunnensa yake ci, don haka ya koyi kallon leɓe, ya koyi yin dariya idan ya ga ana dariya, ya koyi cewa "haka ne" a kan maganar da bai ji ba. Sannu a hankali makiyayan da suka saba kawo masa shanu suka koma wajen wasu. A Djougou, garin da aka haife shi kuma yake zaune, yara sun daina gaishe shi da baki, sai dai su ɗaga masa hannu. A masallaci kuwa, idan ana shawarar wani abu, a kan tsallake shi kamar yadda ake tsallake mai barci.

*

Ɗansa Usaini ya zo ya ɗauke shi a kan babur. Usaini ɗan kamasho ne a Gare, wato tashar motocin Parakou, shi ke haɗa masu kaya da direbobin manyan motoci, wayoyi biyu gare shi kuma babu wadda ke hutawa. Ba mugun ɗa ba ne. Ba ya fashin aika hatsin azumi, ba ya fashin ragon layya. Sai dai tun da kunnen ubansa ya yi nauyi, ya daina zama su yi hira, don maimaita magana sau uku na gajiyar da shi.

Washegari ya kai tsohon wata rumfa a bayan tasha, inda ake sayar da rediyo da cocila da cajar waya. Mai rumfar ya ciro wani abu daga kwali mai hoton Bature yana murmushi, ya cusa wa Ɗanbala a kunne, ya murza. A daidai lokacin wata tirela ta danna ham. Ɗanbala ya ji kamar an soka masa tsinke daga kunne har cikin ƙwaƙwalwa. Ya fizge abin ya yar, ya dafe kai da hannu biyu.

Ya ga Usaini yana ba mai rumfar haƙuri, yana nuna shi da baki. Bai ji kalmar ba, amma ya karanta ta a leɓen ɗansa: tsufa.

Da a nan maganar za ta tsaya, ba don Rabi'a ba. Ita ce ƙanwar Usaini, tana aure a Onklou, mijinta na sayen doya da yazawa a hannun manoma. Da labarin bijimin ya kai mata, ta hau motar haya ta iso Parakou da goyo a baya, ta tsaya a tsakar gidan yayanta ta ƙi zama.

"Yaya, kunnen mutum ne fa, ba rediyo ba. A kai shi inda za a auna shi."

"Kin san abin da za su nema kuwa?"

"Ban sani ba. Mu je su faɗa, mu ji da kunnenmu, tun da mu Allah ya bar mana namu."

Suka je wani ƙaramin asibitin kunne. Wata ma'aikaciya mai sanyin hannu ta haska kunnuwansa, ta wanke su, ta ɗora masa wani abu a ka, ta nuna masa ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Bayan an gama ta jera na'urori a kan tebur. Akwai wadda ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, ita kanta ba ta daɗe a kanta ba. Sauran biyun duk a bayan kunne ake rataya su, kuma duk za a daidaita su da awon da aka yi masa. Ɗaya ana cajinta da wuta kamar waya, ta ɗan fi tsada. Ɗayar ta fi araha, amma ƙananan batura take ci, masu kama da ƙwayar magani, kuma ba ko'ina ake samunsu ba.

"A ina yake zaune?" in ji ma'aikaciyar.

"Djougou," in ji Rabi'a.

"To, da dai mai cajin kuka ɗauka. Wannan pil ɗin, ƙaramin batirin nan, ko a nan ba kowane farmasi ke da shi ba."

"Pil ba matsala ba ne, madam," in ji Usaini. "Kullum motocinmu na hanyar Djougou. Ni zan riƙa aika masa."

Ɗanbala na zaune a tsakaninsu yana bin bakunansu da ido, daga wannan zuwa wancan. Kunnensa ake ciniki a kai, amma babu wanda ya juyo ya tambaye shi. Shi da ya yi shekara da shekaru yana shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, yau ya san yadda saniya ke ji.

Jaririn Rabi'a ya fara kuka, ta fita da shi waje. Ma'aikaciyar ta ɗauko batir ɗaya ta nuna wa Usaini wata 'yar takarda da ke manne a bayansa, ta yi masa dogon bayani. Abin da take cewa shi ne, wannan batir da iska yake aiki. Muddin takardar na manne, zai daɗe a ajiye. Amma da zarar an ɓare ta, ya fara mutuwa ke nan, ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma damshi na ƙara saurin kashe shi. Ta ce a faɗa wa tsohon wannan da kyau. Usaini na gyaɗa kai, waya na manne a kunnensa na dama, yana rarrashin wani direba da aka tsare da lodin masara. "Dakor, madam, dakor," ya ce, wato ya ji ya yarda.

Da aka rataya wa Ɗanbala na'urar aka kunna, abin da ya fara ji shi ne shassheƙar fankar da ke sama. Sannan ƙarar takalmi a baranda. Sannan muryar ɗansa, wadda ta yi kauri fiye da yadda ya san ta, tana cewa, "Mu tafi, Baba, ana jirana."

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da motar haya ta sauke shi a Djougou. Ya shiga gida bai yi sallama ba, da gangan. Matarsa Tasalla na durƙushe a gaban murhu tana tuƙa tuwo, ta ba shi baya. Inuwarsa ce ta faɗa a gabanta, ta san ya shigo, amma ba ta juyo ba. Ta ci gaba da tuƙi, tana magana a hankali, irin maganar da mutum ke yi idan ya tabbata babu mai jinsa.

"Ka dawo, tsohon kurmana? An ce sa ya buge ka. Kai dai ba ka jin magana tun kana da kunne. Da ka mutu a can, da wa zan riƙa faɗa?"

Ɗanbala ya tsaya cak. Muryar da ya ajiye a ransa ta wata mace ce mai ƙarfi, wadda ake jin kiranta daga bakin titi. Wannan kuwa ta yi laushi, tana ɗan rawa a ƙarshen kalma. Ashe muryarta ta tsufa ba ya nan.

"Da kin samu wani," ya ce. "Masu kunne ai sun fi daɗin faɗa."

Muciyar ta suɓuce daga hannunta. Ta juyo, ta dube shi, ta dubi abin da ke bayan kunnensa. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya.

"Innalillahi! Malam, tun yaushe kake tsaye?"

"Tun daga tsohon kurma."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar ta juye kuka, tuwon kuwa ya kama. A ranar, da ƙauri suka ci shi, babu wanda ya damu.

Sai ga shi ashe duk shekarun nan ba ta daina yi masa magana ba. Ta ba shi labarin duk abin da ya wuce shi: wanda ya rasu da abin da ya faɗa kafin ya cika, rigimar da aka yi a kan rijiyar unguwa, dalilin da ya sa ƙanwarta ta daina zuwa gidan. Wasu abubuwan ya ga faruwarsu da idonsa, amma sai yanzu ya san ma'anarsu. Ya koma sahun gaba ranar Juma'a ya ji huɗuba daga farko har ƙarshe. Ya zauna a dakalin ƙofar gida, yara suka gaishe shi da hannu kamar kullum, ya ce musu, "Ba ku da baki ne?" suka watse suna dariya.

Baturan da aka haɗo shi da su suna jere ne a wani ɗan faifai na roba. Kowane ɗaya kan yi masa kamar mako, sai na'urar ta yi wani ɗan kuka a kunnensa, ta yi shiru. A farko bai damu ba. Sai da ya ga ramukan faifan da babu komai sun fi masu batir yawa, sannan ya ce wa Tasalla ta kira Usaini.

"Ya ce gobe zai ba direba," in ji ta.

Gobe ta zo ta wuce. Da ta sake kira, ya ce ya ba wani yaron mota kuɗi ya sayo, yaron ya manta. Da ta sake kira, ya ce farmasin da ya leƙa ba su da irinsa, sai an kawo daga Cotonou. Daga nan kuma sai wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka, can da yamma ya kira yana ba da haƙuri, aiki ne ya yi masa yawa.

Ɗanbala ya zaga Djougou da mataccen batir a tafin hannu. Masu farmasi suka juya shi suka girgiza kai. Wani mai gyaran agogo ya ba shi wani mai kama da shi, ya shiga ramin daidai, amma na'urar ko motsi ba ta yi ba. Ya yi tunanin ya hau mota ya tafi Parakou da kansa, sai dai tun faɗuwar nan ƙugunsa ba ya son doguwar tafiya. Ban da haka ma, idan aka gan shi a Gare yana tambayar inda ake sayar da batir, ai ya tona wa ɗansa asiri ke nan a gaban abokan aikinsa.

Sai ya fara tattali. Ya daina sa na'urar da safe. Ya daina sa ta a kasuwa. Daga baya har huɗuba ya haƙura da ita, ya koma bin liman da ido. Ya ware wa kunnensa lokaci ɗaya tak, tsakanin la'asar da magariba, sa'ad da Tasalla ke zama a tabarma tana tsince shinkafa ko gyaran kuɓewa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, duk da wannan tattalin, baturan ba sa daɗewa yadda ya zata. Ya ɗauka ko na jabu aka haɗa masa.

*

Da damina ta kankama, ƙafafun Tasalla suka fara kumbura. Ta daina iya kwanciya sai an jingina ta da matasai, numfashinta ya koma sama-sama. Rabi'a ta baro Onklou ta dawo gida jinya. A lokacin batir ɗaya ya rage a faifan.

Ranar da suka kai ta asibiti, Ɗanbala ya zauna a benci ya daɗe yana kallon batirin. Ba ya son a sake yin magana a kansa yana kallon bakuna, ba a kan wannan ba. Ya ɓare takardar, ya sa. Likitan ya yi bayani da Faransanci, Rabi'a na fassarawa: zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a ƙirji, za a ba da magani, sauran kuma sai addu'a. Ɗanbala ya ji kowace kalma. A hanyar komawa ya ji Tasalla na ce wa mai babur ya bi a hankali, ba buhun gawayi ya ɗauko ba.

Suna isa gida ya cire batirin. Ya yagi gefen wani tsohon rawani ya naɗe shi, ya ƙulle, ya sa a aljihun gaba. A lissafinsa, bai ci komai daga cikinsa ba, wuni ɗaya ma bai cika ba. Haka ya saba yi da batirin cocila tun yana yaro: ka cire, ka ajiye, ranar buƙata ka mayar. Ya nuna wa Tasalla ƙullin.

"Wannan naki ne," ya ce. "Duk ranar da kike da magana, ki taɓa kunnenki kawai."

Ta yi murmushi, ta ce wani abu. Ya gyaɗa kai.

Rabi'a ta kira yayanta a gabansa. Ya ga fuskarta ta ɗaure, ya ga ta sauke wayar ta daɗe tana kallon ƙasa. Da ya matsa mata, ta sa baki a kunnensa ta ɗaga murya: "Ya turo kuɗin magani. Ya ce yanzu ta Inna muke, pil ba gaggawa ba ne."

Ɗanbala ya auna maganar, bai ga inda ɗansa ya yi ƙarya ba.

Makonni suka shuɗe. Ruwa ya yi ta sauka, bango ya jiƙe, gishiri ya narke a kwano, tufafi suka ƙi bushewa. Yakan zauna a bakin gadonta ya riƙe mata kofi, ya gyara mata matashi. Sau da yawa hannunsa kan kai ga aljihun, don kewar muryarta na cinsa, sai ya tuna ba nasa ba ne, ya janye.

Wata ranar Talata bayan azahar, Rabi'a ta goya ɗanta ta tafi farmasi karɓo magani. Ba ta daɗe da fita ba hadari ya haɗu, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin ya yi duhu. Tasalla ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗaga hannu da ƙyar ta taɓa kunnenta.

Cikin sauri ya kwance ƙullin. Batirin ya kusa suɓuce masa, ya tare shi da gefen riga. Ya sa, ya rufe, ya rataya. Ƙarar ruwa a kan kwano ta cika masa kai, ya yi hamdala.

"Kana jina, Malam?"

"Ina jinki."

"Matso." Ya matsa har gemunsa na taɓa mayafinta. Ta huta, ta tattaro numfashi. "Akwai abin da na daɗe ina so in faɗa maka. Lokacin da kunnenka ya toshe na faɗa maka shi ya fi a ƙirga, don na san ba ka ji. Da ka samu wannan abin kuma sai na kasa. Yau dai zan faɗa. Ka tuna shekarar da muka..."

Na'urar ta yi ɗan kukan nan nata. Ruwan saman ya ɗauke daga kunnensa ɗif, alhali yana ganinsa yana zuba ta taga.

Leɓunanta na ci gaba da motsi. Ya danna na'urar da yatsa, a hankali don kada ta lura. Babu komai. Ya ƙura wa bakinta ido da duk dabarar da ya koya a kasuwa, amma leɓen sun bushe, da ƙyar suke rabuwa, ga duhu. Ya ga kamar ta ambaci Rabi'a, ko kuwa Rabi'u, watan da aka ɗaura musu aure. Ya ga hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. A wani wurin ta yi ɗan murmushi. Ta yi magana mai tsawo, tana tsayawa tana hutawa, tana kashe ƙarfin da ya rage mata kalma bayan kalma, shi kuwa ya kasa buɗe baki ya ce mata ta dakata, a banza take yi.

Sai ta tsaya. Ta zuba masa ido, girarta a ɗage. Tambaya ta yi, amsa take jira.

Ya laluba a ransa abin da mai shirin tafiya kan tambaya. "Na yafe miki, Tasalla," ya ce. "Duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini."

Fuskarta ba ta saki ba. Ta dube shi kamar wadda aka ba amsar wata tambaya daban. Idonta ya bar fuskarsa ya koma kan kunnensa, ya daɗe a can. Sannan ta miƙa hannu ta shafa na'urar da bayan yatsa, ta shafa kunnen, ta sauke hannun.

"Bari in kira Nana Aïcha," ya ce, yana nufin maƙwabciyarsu. "Ki faɗa mata, ita sai ta faɗa mini da ƙarfi. Yanzun nan zan dawo."

Ya yunƙura zai tashi, ta riƙe bakin rigarsa. Ta girgiza kai. Ba maganar da za a yi ihunta a kunne ba ce, ba kuma ta maƙwabta ba ce. Ta jawo hannunsa ta ɗora a kan ƙirjinta, ta rufe ido. A tafin hannunsa yana jin tana cewa wani abu, gajere, ƙirjin na ɗan girgiza.

Ko da ruwa ya tsagaita Rabi'a ta dawo, Tasalla ba ta gane kowa. Washegari da hantsi ta cika.

*

Usaini ya iso ana shirin ɗaukar gawa. Ya yi kuka sosai, kukan gaskiya, har sai da aka riƙe shi a maƙabarta. Bayan an dawo ya koma Parakou don ya sallami wasu motoci, ya ce zai dawo sadakar uku.

Ya cika alkawari. Ya zo da buhun shinkafa da katan na ruwa, ya sa aka kafa rumfa a ƙofar gida. Kafin mutane su taru ya ja ubansa gefe, ya ciro wata 'yar leda daga aljihu. Faifan batura ne sababbi, har guda uku.

"A hanya na tsaya na saya," ya faɗa a kunnensa da ƙarfi. "Manyan mutane za su zo gaisuwa daga Gare. Kada a yi ta yi maka magana kana kallon mutane."

Shi da kansa ya buɗe na'urar. Ya zazzage tsohon batirin a tafin hannu, ya ɓare sabo ya sa, ya rataya wa uban. Duniya ta dawo da hayaniyarta.

"Wannan ai ya daɗe da mutuwa," in ji Usaini, yana juya tsohon.

"Wuni ɗaya na yi da shi. Na cire na ajiye wa uwarku."

"Ajiyewa kuma? Baba, ai da an ɓare takardar shi ke nan, ko an ajiye..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi batirin, ya dubi ubansa. Wayarsa ta fara ƙara a aljihu, ya bar ta tana yi har ta gaji.

Ɗanbala ya juya. Ya fita rumfa ya zauna, ya karɓi gaisuwa. Ya ji kowane "Allah ya jiƙanta", ya amsa kowanne a kan lokaci. Ya ji wani daga cikin baƙin Parakou na yaba wa Usaini, yana cewa ba kowane ɗa ne zai saya wa ubansa irin wannan na'ura ba.

Da yamma, bayan an watse, Rabi'a ta same shi zaune a bakin ƙofar ɗakin uwarta. Ta durƙusa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ranar nan da na dawo na tarar da aparai ɗin, na'urar nan taka, a kunnenka. Inna ta yi maka magana, ko?"

"Ta yi."

"Me ta ce?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na dama.

"Ta yi magana mai tsawo," ya ce.

Rabi'a ta jira. Da ta ga babu ƙari, ta share ido da gefen zane ta tashi.

Ya zauna shi kaɗai. Yana jin ɗigar ruwa daga indararo, yana jin mata na kankare tukwane a bayan gida, wata na yi wa wata raɗa a kan wanda bai zo gaisuwa ba. Yana jin babur a can bakin titi, da ɗan akuya na neman uwarsa. Ya gyara zama, ya juya kunnensa ga ƙofar ɗakin, ya kai yatsa bayan kunne ya murza abin ƙara sauti har ƙarshe. Na'urar ta yi wani siririn fito. A ciki, iska na kaɗa labule, zobban ƙarfensa na gogar sanda a hankali.